Takun 'Ya'yan Reluwe

Ƙafafun Dalyop sun fara yi masa gardama ne a shekarar da ya cika saba'in. Ba ciwo suke yi ba, ba kuma kumbura suka yi ba. Yana cikin tafiyarsa ƙalau sai su kafe a ƙasa kamar an zuba musu siminti, ya yi ta ba su umarni suna yi masa kunnen ƙashi. Likita ya faɗi sunan cutar da Turanci, ya ce ita ce ke sa hannunsa na dama karkarwa. Dalyop bai riƙe sunan ba. Ya ce shi bai ga dalilin haddace sunan abokin gabarsa ba.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana gyaran birkin jiragen ƙarƙashin ƙasa a New York, kuma duk tsawon shekarun nan gida ɗaya ya zauna, a unguwar Stapleton da ke tsallaken ruwa, a hawan ƙasa na wani bene, ɗaki biyu da falo. Ranar da suka zo duba gidan shi da matarsa, ita tana leƙa banɗaki da wurin girki, shi kuwa ya tsaya a bakin taga ya ji jirgin unguwar yana wucewa can ƙasan tudu. Nan take ya ce magana ta ƙare, sun kama. A gidan suka rene 'yarsu tilo, Elisabet, a gidan kuma matar ta rasu shekara huɗu da suka wuce. In kana son ganin ɓacin ran Dalyop, to ka ce masa ya tashi daga nan.

Abin da Elisabet ta ce masa ke nan, kuma ba mai ganin laifinta. Wata Asabar da safe ya ɗauko butar shayi zai kai tebur, ƙafafu suka tsaya, gangar jiki ba ta tsaya ba. Yana nan kwance a ƙasa har azahar, sai da maƙwabcinsa Yussif ya ji ana ta buga bututun ruwa da cokali ya zo ya ɓalle ƙofa. Elisabet ta taso daga Harlem, inda take koyarwa, ta iske shi a asibiti, goshi a kumbure, yana yi wa nas bayanin cewa santsi ne kawai. Kafin mako ya zagayo ta samo masa ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi, mai tsabta, mai lambu, har da hoton ɗakin a wayarta. Dalyop ya ƙi ko kallon hoton.

Da gardama ta yi tsawo, shi da bakinsa ya yanke hukunci. Asibiti za su turo mai koyar da tafiya ta yi mako ɗaya da shi. Ran Juma'a, in ya taka daga gadonsa har ƙofar titi ba wanda ya riƙe shi, zai zauna a gidansa. In ya kasa, a kai shi inda za a kai shi, ba zai ce uffan ba. Ya faɗi haka yana cika baki a gaban 'yarsa. Da ta tafi kuwa tsoro ya kama shi, don ya san daga gado zuwa banɗaki ma wani lokacin sai ya yi minti goma.

Ran Litinin mai koyar da tafiya ta zo. Sunanta Nafissa, 'yar Zangon Kumasi ce, gajera mai fara'a, Hausarta gauraye da Turanci da wani abu daban.

"Baaba, yau za mu yi tafiya small small," in ji ta. "Ƙafanka bai mutu ba. Kai ne yana mantuwa. Amma in ido ya ga layi a ƙasa, ƙafa zai so ya tsallake."

Ta fito da shuɗin tef mai manne, ta durƙusa ta yi ta gitta shi a ƙasa layi-layi, tun daga bakin gado, ta ratsa falo, har ƙofar fita daga falon. Don tausayi sai ta matse layukan kusa da juna. Dalyop ya tsallake na farko, ya tsallake na biyu da na uku, a na huɗu ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Suka yi awa ɗaya ana abu ɗaya. Da za ta tafi ta ce ya yi ƙoƙari, shi kuwa ya san ƙoƙarin da ake yaba wa yaro ne in ya zubar da rabin kunu a riga.

Washegari yayarsa Keziya ta iso daga Port Richmond, inda take zaune wurin ɗanta tana fama da jikoki. Shekara huɗu ta ba shi, kuma har yau ba ta yarda ya girma ba. Ta shigo tana dogara sanda saboda gwiwa, da kular gwaten acca a ɗaya hannun, tana mitar direban bas tun daga waje. Da ta kai tsakiyar falo sai ta yi turus.

"Wa ya shimfiɗa maka layin dogo a cikin ɗaki?"

"Ba dogo ba ne, Yaya. Magani ne."

"Dogo ne mana, ga katakai nan a jere. Sai dai wanda ya jera su bai taɓa shan ruwan reluwe ba. Dubi yadda ya cushe su. Da Baba ya ga wannan aikin, kafin azahar ya sa an sallami mutum."

Dalyop ya sake duban ƙasa. Kwana ɗaya cur yana harararsu bai gani ba, sai yanzu. Shuɗayen layukan nan a gicciye, sun miƙe sun nufi ƙofa, ashe katakan da ake jerawa a ƙarƙashin dogo ne. Ya nemi kujera ya zauna.

A Mil Talatin aka haife su, can kan hawan da jirgi ke yi daga Kafanchan zuwa Bukuru. Kiran wurin gari ma kara ce aka yi masa. Tasha ce da tankin ruwa, da gidajen ma'aikata takwas masu jan kwano, da coci mai rufin ciyawa, duwatsu sun kewaye su ta ko'ina. Ba wanda ya san daga ina aka ƙirgo mil talatin ɗin. Hawan yana da tsauri, har jirgin kaya sai an ƙara masa kai na biyu yana turo shi ta baya, kuma duk da haka tafiyar da yake yi tsohuwa za ta iya gaisawa da direba ta tambaye shi iyali kafin ya wuce. Sanyi kuwa ba a magana. Da damina gajimare kan sauko har tsakar gida, ka ji muryar uwarka ba ka ganin ta.

Babansu shi ne mai duba layi. Kullum da sassafe yakan saɓa wata guduma mai doguwar ƙota, ya rataya sufana, ya bi dogo da ƙafa mil huɗu zuwa tasha ta gaba, yana duba kowace kusa. A tasha ta gaban nan makaranta take, kuma babu wata hanya sai dogon. Saboda haka yaran bariki kan jeru a bayansa, ba takalmi, da allo da ɗan dankali dafaffe a aljihu. Tsakanin katako da katako tsakuwa ce mai kaifi, wadda da sanyin safiya in ka taka sai ka ji har cikin haƙori. Dole katako kaɗai za ka taka. Ga yaro takun ya yi faɗi, ga babba ya yi gajere, amma haka kowa ya saba da shi har ya zame masa jiki. Ko a kasuwar Bukuru ana gane ɗan reluwe tun daga nesa: taku daidai wa daida, kai a ɗan sunkuye, kamar mai neman allura.

"Kamu ɗaya da taƙi ɗaya," in ji Keziya. Ta ajiye kula, ta nuna daga gwiwar hannunta zuwa yatsa, sannan ta ware babban yatsa da ɗan tsakiya. "Haka Baba yake awo in an sa sabon katako. Miƙo mini abin mannen nan."

"Yaya, likita ce fa ta auna."

"Likita ta san ƙashi, ba ta san dogo ba."

Tunda gwiwa ba ta durƙusuwa, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tana ɓamɓare tef ɗin Nafissa tana sake mannawa, tana jan jiki gaba. Da ta ƙirga goma sha biyu sai ta sa biyu kusa da juna, ta ce nan ne mahaɗar ƙarfe, inda dogo ɗaya ya ƙare wani ya fara. Dalyop ya ce goma sha huɗu ne. Ta ce lokacin da take ƙirga katakai shi majina yake ƙirgawa. Aka bar shi a goma sha biyu.

Tashinta daga ƙasa shi ya zama aiki. Ta kama ƙafar kujera, kujera ta biyo ta. Ta miƙa masa hannu, ya yunƙuro zai taimaka, ƙafafunsa suka kafe taku biyu kafin ya kai gare ta. Ga ta a ƙasa, ga shi a tsaye, hannuwa a miƙe ba su haɗu ba. Suka dubi juna suka fashe da dariya har da hawaye, rabonsa da irin ta tun kafin rasuwar matarsa.

Da ta samu ta miƙe, ta kai shi bakin gado ta tsaya a gefe da sandarta.

"To, ɗan makaranta. An makara."

Ya ɗaga ƙafar dama, ta sauka a kan layi. Tazarar ta zo masa daidai, irin daidan da ba a tunani a kansa. Ta hagu ta bi. Kansa ya sunkuya da kansa. Ɗaya, biyu, uku, ya wuce inda ya maƙale jiya bai ma lura ba. Da ya kai layukan nan biyu na kusa da juna ya gajarta taku, Keziya ta buga sandarta a ƙasa, ƙwal, yadda Baba ke buga guduma a kowace mahaɗa. Bai tsaya ba sai da goshinsa ya kusa taɓa ƙofa.

Ya daɗe a nan tsaye yana kallon katakon ƙofar, don ba ya so ta ga fuskarsa.

"Zo ka ci gwate kafin ya huce," in ji ta.

Ran Laraba Nafissa ta zo ta tarar an rushe mata aiki. Ta buɗe baki za ta yi magana, Dalyop ya taka mata daga gado zuwa ƙofa ya dawo, sai ta rufe. Ta fito da abin awo ta auna tazarar, ta girgiza kai, ta rubuta a takardarta.

"Yoo, Maama," ta ce wa Keziya. "Aikina kin karɓe. Amma Friday ba ƙofan ɗaki ba ne, ƙofan titi ne."

Gaskiya ne. Bayan ƙofarsa akwai wani dogon soro da duk mutanen gidan ke bi, taku goma sha wani abu kafin a kai ƙofar titi. Keziya ta ce wannan ba komai ba ne, reluwe ba ta rasa ƙarin layi. Ran Alhamis da hantsi ta sake zama a ƙasa ta shimfiɗa dogonta har bakin titi, masu wucewa suna tsallake ƙafafunta suna ba ta haƙuri.

Kwana biyun nan sun fi kowane magani yi masa daɗi. Ya yi sawu biyar ya huta, su zauna su koma Mil Talatin. Suka tuna yadda in Baba ya buga guduma ya ji ƙara ta fita garau sai a wuce, in kuwa ta fito a dakushe sai ya durƙusa ya ɗaure kusa, yara su samu su zauna a kan ƙarfe su hura tafin ƙafa. Dalyop ya ce shi kullum addu'arsa Allah ya sa kusa ta kwance. Keziya ta ce ta sani, ai a fili yake yi.

Suka tuna Ngo, mahaifiyarsu, da bokitinta biyu. In jirgi ya tsaya shan ruwa matan bariki kan jeru a gefen kan jirgin, direba ya murɗa musu wani famfo, ruwan zafi ya zubo yana tururi. Da shi ake yi wa yara wanka ran Asabar, yana warin mai da kwal, har gobe kuma Dalyop bai yarda akwai wankan da ya kai wannan ba. Mai zuba kwal kan yi kamar shebur ya kuɓuce masa daidai bayan gidajensu, yara su bi da kwando su tsince. Da shi ake jin ɗumi, a kuma dafa ƙwan da Keziya ke ɗagawa a faranti zuwa tagogin jirgin fasinja.

"Kin tuna ranar da jirgi ya tafi da farantin Ngo?"

"Ni zan manta? Wata mata ce mai jan ɗankwali, tana ta zaɓe-zaɓe har jirgi ya ɗaga. Na bi shi da gudu ina kuka har wajen tanki."

"Bayan kwana uku ya dawo."

"Gadin jirgin ya miƙo shi ta taga, an wanke shi tas, da ƙullin dabino a ciki." Ta harare shi. "Kai ka cinye dabinon."

"Tare muka ci."

"Ƙwallayen ka ba ni."

Sau ɗaya Dalyop ya koma can tun zuwansa Amurka. Ya tarar kwanon tasha ya yaye, tanki ya yi tsatsa, gidaje takwas saura uku, ciyawa ta rufe dogon har gwiwa. Bai iya kwana ba, ya ce wa mai mota su juya. Tun daga ranar ya daina zancen garin, ko Elisabet bai taɓa zaunar da ita ya ba ta labarinsa ba. Yanzu ga shi garin ya biyo shi har falo, kuma ya gane kewarsa ta daɗe tana cin sa bai faɗa wa kowa ba.

Ran Juma'a ya yi wanka da wuri, ya sa farar riga, ya sha magani a kan lokaci. Elisabet ta ɗauki hutun rabin yini ta tsallako ruwa da jirgin fito, ta iso fuskarta ba walwala, da jakar makaranta a kafaɗa. Ta gaishe da goggonta, ta sumbaci babanta a ka. Nafissa ta tsaya da takarda da biro.

"Ba wanda zai taɓa shi," in ji ta. "Ko ni."

Dalyop ya tashi daga bakin gado. Ya ratsa ɗaki, ya ratsa falo, Keziya ta buga sanda a mahaɗa, ya kai ƙofa ya murɗa ya buɗe. Ta gefen ido ya ga Elisabet ta sa hannu ta rufe baki.

Sai ya dubi soro. Babu layi ko ɗaya. Mai sharar gidan ya zo da safe ya ga tarkace a ƙasa, ya ɓamɓare tas, ya goge daɓen da ruwan sabulu. Baƙin daɓe ne mai sheƙi, fitilar sama tana kwance a cikinsa, ya miƙe fayau har ƙofar titi.

"Wane ɗan neman suna ne ya yi wannan?" in ji Keziya. "Ina sauran abin mannen?"

Babu saura, jiya ta ƙarar. Nafissa ta ce a hankali, ko da akwai ma, titi ba shi da tef, gara a san gaskiya yau.

Dalyop ya ce wa ƙafar dama ta tashi. Ta yi rawa a wuri ɗaya, ba ta tashi ba. Ya gwada ta hagu. Ya ƙirga a zuci, ya auna kamu da taƙi da ido, ya yi ƙoƙarin ganin katakai inda babu su. Gumi ya keto masa a baya. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Ya ji Elisabet ta matso bayansa.

"Dadi, it's okay," in ji ta. "Ya isa. Ka yi ƙoƙari."

Da faɗa ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya san in ya juya yanzu shi ke nan, zai cika alkawari, za a kwashe tukwanen matarsa a kwali. Ya ƙura wa baƙin daɓen ido har ya fara ganin kamar ba ƙasa ba ce, rami ne mai ruwa a can ƙasa. A nan ne ya gane ya taɓa tsayawa irin wannan tsayuwar.

Yana da shekara shida, ranar farko ta makaranta. Rabin hanya akwai gada a kan wani kwazazzabo mai zurfi, ba ta da makari, kuma tsakanin katakanta babu tsakuwa, babu komai sai iska. Ta nan kana hango ruwa can ƙasa yana kumfa a kan duwatsu. Sauran yara suka wuce abinsu. Shi ya kai tsakiya ya duba ƙasa, ƙafafu suka mutu. Baba ya waiwayo ya gan shi, ya dawo. Bai ɗauke shi ba, bai kama hannunsa ba, don a dokarsa ba a riƙe hannu a kan gada, in ɗaya ya zame sai ya ja ɗayan. Ya zo dab da shi ya juya masa baya. Ya ce kada ya dubi ruwa, kada ma ya dubi katako, ya dubi diddigensa kawai, inda diddige ya tashi nan zai sa ƙafa. Diddige ne mai faso, fari fat da ƙurar tsakuwa. Dalyop ya bi shi har ƙetare, ya kuma ci gaba da bin sa shekara bakwai. Sai yau ya lura ya fi sanin diddigen babansa a kan fuskarsa.

"Yaya," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Shiga gaba. Kamar a gada."

Keziya ba ta tambayi wace gada ba. Ta raɓa ta gefensa ta tsaya a gaba, ta juya masa baya, ta fara tafiya. Amma tafiyarta ta zama mai ƙafa uku: sanda, ƙafa mai lafiya, sannan ta jawo mai ciwo. Ya ɗaga ƙafa zai bi, takun ya karye masa, ya mai da ita inda take. Suka sake, aka kuma. Keziya ta daki gwiwarta da tafin hannu.

"Gwiwar banza," in ji ta. "Yau kika ga damar kunyata ni." Ta jingina da bango ta kau da kai.

Sai aka ji jaka ta faɗi ƙasa. Elisabet ta tuɓe takalmanta, ta cire safa, ta zagayo ta tsaya a gaban babanta.

"Goggo, show me. Yaya ake yi?"

"Juya masa baya. Kada ki waiwaya ko ya kira ki. To, tafi."

Ta tafi, irin tafiyar mutanen New York, kafin ka ce me ta kai rabin soro.

"Ke!" in ji Dalyop. "Jirgi ne ya biyo ki? Dawo."

Ta dawo. Keziya ta nuna mata tazarar da bakin sanda, ta ce ta ɗaga diddige sosai ya gani, ta ajiye a hankali, ba sauri ba jinkiri. Elisabet ta ja numfashi. Diddigen dama ya tashi. Dalyop ya ga gurbin da ɗumin ƙafarta ya bari a kan daɓe, ƙafarsa ta ɗaga ta sauka a ciki. Na hagu ya tashi, ya bi. Bai dubi bango ba, bai dubi ƙofa ba. Ya ji sanda tana bin su a baya, ya ji Nafissa ta wuce da sauri ta buɗe ƙofar titi, iska mai ƙanshin teku ta shigo. Daɓe ya ƙare, siminti ya fara, rana ta sauka a kan ƙafafunsu.

Elisabet ta tsaya, shi ma ya tsaya. Ba ta waiwayo ba. Kafaɗunta kawai yake gani suna motsi.

Nafissa ta daɗe tana juya biro a hannu.

"Baaba, ni gaskiya zan rubuta," in ji ta. "Ba wanda ya taɓa ka. Amma kai kaɗai ba ka fita ba. Sai da mutum a gaba."

Dalyop ya gyaɗa kai. Ya san haka tun kafin ta faɗa, kuma ba shi da niyyar yin gardama. Ya buɗe baki zai ce to a kawo hoton ɗakin ya gani, Elisabet ta riga shi.

"Rubuta haka," ta ce, har yanzu tana fuskantar titi. "Ki ƙara cewa akwai mutum a gidan. Ɗakina yana nan, ko ba haka ba, Dadi?"

"Makarantarki fa? Harlem ba nan kusa ba ce. Jirgin ruwa, jirgin ƙasa, kullum sau biyu."

"Na sani."

"Ba na so in zame miki kaya."

"Na sani, Dadi. Ka yi shiru."

Ya yi shiru. Kunya ta kama shi, daɗi ma ya kama shi, ya rasa wanne zai fara ji. Idonsa na kan diddigenta, sai ya tuna rabonsa da duban su tun tana jaririya yana yi mata wanka a baho, lokacin duka biyun ba su cika tafin hannunsa ba. Yanzu ga su sun yi kaushi da tsayuwar aji, bai san lokacin da hakan ta faru ba.

"Simintin nan da sanyi," in ji Elisabet tana share hanci. "Mu koma?"

"Tukuna," in ji shi. "Mu je dai zuwa bakin kwana."

Ta ɗaga diddigen dama, ya bi.